Yadda Ake Bin Salsalar Kiɗan Gwanin Furog-Metal, da Misalin John Petrucci

Wanda ya fara sauraron kiɗan furogiresif metal, wanda masoyansa ke taƙaita sunansa su ce furog-metal, yakan rasa inda zai aza kunnensa, domin waƙa guda tana iya kaiwa minti 15 ko 20 tana sauya bugu da yanayi kamar hawainiya. Abin da yawancin mutane ke yi daga nan shi ne su nemi hirarrakin makaɗin, su tarar da jerin sunayen waɗanda ya ce sun yi masa tasiri, su haddace, su ɗauka sun gane shi. Amma makaɗi yana iya ambaton mutum goma don girmamawa alhali uku ne kawai suka shiga yatsunsa. Hanyar da zan bayyana tana buƙatar kunne da takarda da haƙuri, kuma zan gwada ta a kan John Petrucci, mai kaɗa jitar ƙungiyar Dream Theater ta Amurka, saboda aikinsa ya kai shekara 40 kuma kusan kowane mataki nasa yana nan a naɗe. Ana iya ɗaukar matakan a ɗora su a kan kowane makaɗi na wannan salo.

Fara da takarda kafin kunne

Ka samu takarda ka ja mata layi uku daga sama zuwa ƙasa. A na farko za ka rubuta shekara da sunan kundin waƙoƙin da ya fito a cikinta, a na biyu sunayen abokan kiɗansa a wannan lokaci da wanda ya jagoranci naɗin, a na uku kuma kayan kiɗan da yake riƙe da su da kamfanin da ke fitar da kundin. Wannan aiki ba shi da daɗi, amma duk abin da zai biyo baya a kansa yake tsaye, domin ba za ka iya cewa wane ya koya daga wane ba sai ka san wanda ya riga wani.

Takardar Petrucci za ta fara ne da 1967, shekarar da aka haife shi, sannan garin Kings Park da ke tsibirin Long Island a jihar New York, inda ya tashi tare da abokinsa John Myung mai kaɗa jitar bes. Su biyun sun tafi kwalejin kiɗa ta Berklee a birnin Boston, a can suka haɗu da mai ganguna Mike Portnoy, suka kafa ƙungiya a 1985 da sunan Majesty, suka bar karatun don su ba ta lokacinsu duka. Da wata ƙungiya ta ce sunan nata ne, mahaifin Portnoy ya ba su shawarar sunan wani gidan sinima na jihar Kalifoniya, wato Dream Theater. Kundinsu na farko ya fito a 1989 bai yi wani tashe ba. Mawaƙi James LaBrie ya zo daga Kanada a 1991, kundin Images and Words ya fito a 1992, waƙar cikinsa "Pull Me Under" ta samu shiga rediyo da tashar MTV, sai ƙofa ta buɗe. Daga nan ka ci gaba da cikewa: Awake a 1994 da tafiyar mai kibod Kevin Moore, Falling into Infinity a 1997, zuwan Jordan Rudess da kundin Scenes from a Memory a 1999, Train of Thought a 2003, ficewar Portnoy a 2010 da shigar Mike Mangini, kyautar Grammy a 2022, dawowar Portnoy a 2023. Kada ka manta da ayyukan gefe, domin sau da yawa a nan makaɗi ke sakin jiki: ƙungiyar Liquid Tension Experiment da ba ta da mawaƙi, wadda ta fitar da kundi a 1998 da 1999 da 2021, da kundayensa na kansa guda biyu, na 2005 da na 2020.

Idan ka gama, ka sa alama a duk inda abu biyu suka sauya a shekara guda. Waɗannan su ne gaɓoɓin da za ka koma ka saurara da kyau.

San gidajen biyu da salon ya fito

Furog-metal ɗa ne na gida biyu, kuma wajibi ne ka san muryar kowane gida kafin ka nemi kamanninsa a fuskar ɗan. Gida na farko shi ne furog-rok, wanda ya bunƙasa a Ingila daga 1969, shekarar da King Crimson ta fitar da kundinta na farko, sannan Yes da Genesis da Pink Floyd suka faɗaɗa shi, Rush ta Kanada kuma ta ƙara masa kaifi. Gadon wannan gida shi ne doguwar waƙa mai babi-babi, da ma'aunin bugu marar daidaito, da kundin da ke ba da labari guda daga farko zuwa ƙarshe. Gida na biyu shi ne metal, daga Black Sabbath ta birnin Birmingham a 1970 zuwa Iron Maiden da Metallica a shekarun 1980, kuma gadonsa shi ne nauyin sauti da rif, wato gajeriyar jimlar jita da ake maimaitawa har ta zama ƙashin bayan waƙa. Kafin Dream Theater ta yi suna, Queensrÿche da Fates Warning da Watchtower sun riga sun fara haɗa gidajen biyu a Amurka.

Ba sai ka saurari komai ba. Kundi ɗaya daga kowace ƙungiya ya isa a wannan mataki, muddin ka zauna ka ji shi daga farko zuwa ƙarshe ba tare da tsallake waƙa ba. Ga mai bin Petrucci, zan ce ya fara da Close to the Edge na Yes na 1972, da Hemispheres na Rush na 1978, da Master of Puppets na Metallica na 1986.

Koyi ƙirga bugu

Nan ne mutane da yawa ke karaya, alhali abin bai kai yadda ake tsoronsa ba. Yawancin kiɗan da ake ji a rediyo yana tafiya ne huɗu-huɗu: ɗaya, biyu, uku, huɗu, a koma ɗaya. Makaɗa suna rubuta wannan 4/4. Furog yana yawan amfani da zagaye mai bugu 5 ko 7 ko 9 ko 11, wanda ke sa mai sauraro ya ji kamar waƙar ta yi tuntuɓe ko ta haɗiye wani taki.

Dabarar ita ce kada ka ƙirga har bakwai a jere, ka kasa ta biyu-biyu da uku-uku. Ka ajiye tafin hannunka a kan cinya ka buga kana cewa: ɗaya-biyu, ɗaya-biyu, ɗaya-biyu-uku, kana ƙarfafa kowace "ɗaya", ba tare da ka tsaya numfashi tsakanin "uku" da "ɗaya" ta gaba ba. Wannan tsayawar ita ce kuskuren kowane sabon shiga, domin da zarar ka ɗan dakata ka mayar da bakwai takwas ba ka sani ba. Ka maimaita har hannun ya riƙe da kansa, sannan ka juya tsarin, uku ta zo a gaba, ka ji yadda bakwai ɗin ta canza tafiya duk da adadin bai canza ba. Bayan haka ka kunna waƙar "Money" ta Pink Floyd, wadda jitar bes ɗinta ke zagaye bakwai-bakwai a hankali, ka bi ta har inda ta koma huɗu-huɗu lokacin da jita ta karɓi fage. Idan kunnenka ya kama wannan sauyi, ka samu mabuɗin.

Dalilin wannan wahala shi ne yadda makaɗi ke sarrafa bugu marar daidaito yana tona asirin malaminsa fiye da kowace hira. Rush tana shigar da bakwai cikin waƙa ta yadda mai sauraro zai iya kaɗa kai bai lura ba, kuma wannan santsi za ka same shi a wurare da yawa cikin Images and Words. Akwai kuma inda Dream Theater ke yin akasin haka da gangan, tana jera ma'aunai daban-daban ɗaya bayan ɗaya don mai sauraro ya ji kowane sauyi, kamar a "The Dance of Eternity" ta 1999, inda ma'aunin ke canzawa fiye da sau 100 cikin minti 6 da 'yan daƙiƙoƙi. Kada ka fara da wannan. Ka bar ta sai ka yi makonni kana ƙirga masu sauƙi, haka ma "The Alien", waƙar da ta ci musu Grammy, wadda aka gina a kan bugu 17. Idan ka zo kanta, ka yi ta gwada kasa 17 ɗin gida-gida har ka samu rabon da ya zauna daidai da inda ganga ke faɗuwa.

Manhajojin sauraro da yawa, har da YouTube, suna ba da damar rage saurin kiɗa zuwa kashi 75 ko 50 cikin ɗari ba tare da sautin ya karkace ba. Ka yi amfani da wannan ba tare da jin kunya ba, domin makaɗan da kansu da haka suke koyon aikin junansu.

Saurari hannu ɗaya a lokaci guda

Wannan shi ne zuciyar aikin. Mai jita yana da hannu biyu masu aiki daban: na dama yana riƙe da ɗan tsinken roba yana bugun tsirkiya, na hagu yana danna ta a wuyan jitar yana zaɓen sauti. Kowane hannu yana iya samun malaminsa dabam, saboda haka ka saurari yanki guda sau biyu, kowane karo da tambaya ɗaya tak.

Ka ɗauki hannun dama tukuna. Ka zaɓi wurin da Petrucci ke gudu shi kaɗai, abin da makaɗa ke kira solo, ka rage sauri zuwa rabi, ka tambayi kanka ko kowane sauti yana da nasa bugun tsinke, ko kuwa ana buga ɗaya ne sauran su biyo da danna yatsa. A wajensa, galibi za ka ji kowane sauti yana fitowa da ɗan ƙwas a bakinsa, domin tsinken yana sauka yana hawa bi da bi ba ya tsallake ko ɗaya. Yanzu ka ajiye shi ka kunna kundin Elegant Gypsy na mai jita Al Di Meola na 1977, ka ji irin wannan gudu mai tsabta, musamman inda yake ɗora gefen tafin hannu a kan tsirkiya don sautin ya fito gajere a dunƙule. Sannan ka kunna ƙungiyar Dixie Dregs ka saurari mai jitarta Steve Morse, wanda ya shahara da bin wannan ƙa'ida ta sauka da hawa ko da jimlar tana tsallaka daga tsirkiya zuwa tsirkiya a kowane sauti, wurin da yawancin masu jita ke neman hanya mai sauƙi. Petrucci ya sha bayyana Morse a matsayin gwaninsa, kuma a wannan karon kunne yana gaskata baki. A ganina, duk wanda bai saurari Morse ba bai san inda hannun daman Petrucci ya yi makaranta ba.

Amma hannun daman nan yana da wata fuska idan aka koma rif. A nan tsinken yakan sauka ƙasa kawai, da nauyi, tafin hannu yana danne da tsirkiyoyin ƙasa, sautin yana fitowa kamar ana sara. Wannan gadon James Hetfield ne na Metallica, kuma ya fi bayyana a Train of Thought. Ka jera minti ɗaya daga wannan kundi da minti ɗaya daga Master of Puppets, ba sai an yi maka bayani ba.

Sai hannun hagu. Abin da za ka nema a nan shi ne irin haɗin sautukan da yake so, wato kod, da yadda yake lanƙwasa tsirkiya da girgiza ta. Akwai wani kod da ya buɗe kundin Hemispheres, wanda masu jita ke kira da sunan Alex Lifeson na Rush: ana danne tsirkiyoyin ƙasa yadda aka saba, amma a bar siraran biyu na sama a sake suna amsawa, sai sautin ya yi faɗi kamar an buɗe taga. Da zarar ka san shi, za ka riƙa tsintar danginsa a wuraren da Dream Theater ke sassautawa. A solo mai tafiyar hawainiya kuwa, inda sauti ɗaya ke daɗewa ana lanƙwasa shi a hankali har ya kai inda ake so, David Gilmour na Pink Floyd ne ke leƙowa, kuma "The Spirit Carries On" ta 1999 wuri ne mai kyau na gwaji.

Duk abin da ka ji, ka rubuta shi da minti da daƙiƙa: waƙa kaza, daga minti kaza zuwa kaza, ta yi kama da waƙa kaza ta wane a wuri kaza, ta fuskar kaza. Idan ba za ka iya cike gurbin "ta fuskar kaza" ba, to abin da kake da shi zato ne, ka sa masa alamar tambaya ka wuce.

Nemi shaidar da ba ta baki ba

Bayan kunne ya ba ka zato, sai ka nemi abin da zai tabbatar da shi daga ayyukan makaɗin. Shaida mafi ƙarfi ita ce waƙoƙin wasu da ya zaɓa ya kaɗa, domin ba wanda ke ɓata makonni yana koyon aikin da bai dame shi ba. Dream Theater ta sauƙaƙa wa mai bincike a nan, saboda ta taɓa ɗaukar al'adar kaɗa kundin wata ƙungiya sukutum a dare na biyu idan ta yi kwana biyu a gari ɗaya. Ta kaɗa Master of Puppets a Barcelona a 2002, da The Number of the Beast na Iron Maiden a wannan shekarar, da The Dark Side of the Moon na Pink Floyd a 2005, da Made in Japan na Deep Purple a 2006. Tun kafin nan, faifan A Change of Seasons na 1995, bayan doguwar waƙarsa mai minti 23, ya ƙunshi waƙoƙin wasu da aka naɗa a gidan jaz na Ronnie Scott a Landan. Ka saurari waɗannan da kunnen mai duba jarrabawa: inda ya kwaikwayi asali sak yana nuna abin da yake ganin ba a taɓawa, inda ya kauce kuma yana nuna muryarsa.

Shaida ta biyu ita ce mutanen da yake kira idan aikin nasa ne shi kaɗai. Wanda ya kaɗa bes a kundayen Petrucci biyu shi ne Dave LaRue, wanda ya daɗe yana kiɗa da Steve Morse a Dixie Dregs da ƙungiyar Morse ta kansa. Jordan Rudess ma ya taɓa kiɗa da Dixie Dregs kafin ya shiga Dream Theater. Wannan bayani yana cikin 'yar takardar da ke rakiyar kundi, wadda mutane ba sa karantawa, kuma shi ya sa na ce a cike layi na biyu da kyau.

Ta uku ita ce kayan aiki, amma a yi hattara da ita, domin masu jita suna iya kwana suna gardamar kaya su manta da kiɗa. Abin da ya dace ka lura da shi shi ne kayan da ya canza abin da ake iya rubutawa. Kamfanin Ibanez ya fitar da jita mai tsirkiya 7 da aka ƙera tare da mai jita Steve Vai a 1990, Petrucci ya ɗauki irinta a Awake, kuma ƙarin tsirkiyar ta ƙasa ita ta ba "The Mirror" wannan nauyi da babu shi a kundin da ya gabata. Haka nan amfilifaya, wato na'urar ƙara sautin jita, ta kamfanin Mesa/Boogie samfurin Mark IIC+, wadda Metallica ta yi amfani da ita a Master of Puppets, ita ce tushen wadda kamfanin ya ƙera da sunan Petrucci daga baya. Komawarsa daga jitar Ibanez zuwa ta kamfanin Music Man kuwa labari ne mai muhimmanci ga masu sayen jita, amma bai canza tsarin waƙoƙinsa yadda tsirkiya ta bakwai ta yi ba.

Ramukan da ake faɗawa

Na farko shi ne kama da wane, wadda aka ce ba ta wane. Na daɗe ina jingina duk wani gudu mai tsabta da na ji a jitar metal ga mai jita Yngwie Malmsteen, saboda shi na fara sani, sai da na koma takarda na ga kundin Di Meola da na ambata ya girmi kundin Malmsteen na farko, na 1984, da shekara 7. Wannan bai kore tasirin Malmsteen a kan Petrucci ba, amma ya nuna cewa mutum biyu suna iya yin kama saboda sun sha daga rijiya ɗaya. Duk lokacin da ka ga kamanni tsakanin makaɗa biyu, ka tambaya ko akwai na uku da ya girme su.

Na biyu shi ne ɗora wa mutum ɗaya aikin ƙungiya. Yawancin kiɗan Dream Theater tare ake tsara shi, kuma wani abin da za ka ɗauka ra'ayin mai jita ne yana iya zama na mai kibod ko mai ganguna. Hanyar rarrabewa ita ce alamomin da ka sa a takarda: ka kwatanta kundin ƙarshe kafin wani ya fita da na farko bayan tafiyarsa, abin da ya ɓace ka san da wa ya tafi. Yanayin kaɗaici da sanyin jiki da ke cikin "Space-Dye Vest", wadda Kevin Moore ya rubuta, bai sake dawowa da irin wannan siffa ba bayan 1994. Abin da ya rage a kowane zubi, kuma ya sake bayyana a kundayen Petrucci na kansa, shi za ka iya kira nasa da ƙwarin gwiwa. Kundin The Astonishing na 2016, mai waƙa 34 da tsawon fiye da awa 2, shi ya ƙirƙiri labarinsa ya kuma rubuta baitocinsa, don haka yana nuna son da yake yi wa kiɗan fim da wasan kwaikwayo na waƙa fiye da kowane aiki nasa, ko da yake masoyan ƙungiyar sun rabu biyu a kansa, ni ma ban cika komawa gare shi ba.

Na uku shi ne ɗaukar matsin kasuwa a matsayin tasiri. Falling into Infinity ya fi sauran sauƙin shiga kunne, amma dalilin ya haɗa da kamfanin da ke son waƙar da rediyo za ta ɗauka, har aka kawo marubucin waƙoƙi Desmond Child ya sa hannu a "You Not Me". Bayan wannan ne Portnoy da Petrucci suka karɓi jagorancin naɗi da kansu daga 1999, kuma daga 2011 Petrucci ya ci gaba da riƙe shi. Mai bincike da bai san wannan ba zai rubuta cewa ɗanɗanon makaɗin ya canza a 1997 ya sake canzawa bayan shekara 2, alhali mai riƙe da linzami ne ya canza.

Akwai kuma bambanci tsakanin tasirin da ya gina mutum tun yana yaro da wanda ya ratsa shi na ɗan lokaci. Lokacin da ƙungiyar ke aikin Six Degrees of Inner Turbulence na 2002, ta bayyana cewa tana sauraron Tool da Radiohead da Pantera, kuma ana jin hakan a wasu waƙoƙin kundin, kamar yadda ake jin inuwar Muse da U2 a Octavarium na 2005. Irin wannan yakan tsaya a kundi ɗaya ko biyu. Na Rush da Morse da Metallica kuwa yana nan daga 1989 har yau. A takardarka ka ware su da launi biyu.

Juya takardar ka bi ta gaba

Mataki na ƙarshe shi ne ka bi waɗanda suka koya daga gare shi, domin abin da almajirai suka ɗauka yana nuna abin da ya zama nasa na kansa. Bidiyon koyarwarsa na 1995, Rock Discipline, ya yaɗa tsarin atisaye da na'urar ƙirga bugu, a fara a hankali a riƙa ƙara sauri kaɗan-kaɗan, ga ɗimbin matasan masu jita. Ka saurari ƙungiyar Haken, wadda aka kafa a Landan a 2007, ka nemi dogayen jimlolin da jita da kibod ke gudu tare sauti bisa sauti, ka kwatanta da abin da Petrucci da Rudess ke yi. Ka saurari Periphery ta Amurka, wadda ɗaya daga masu jitarta, Jake Bowen, dangin Petrucci ne na kusa, kuma Petrucci ya kaɗa solo a kundinta na biyu a 2012.

A nan za ka ci karo da wani reshe da bai fito daga Dream Theater ba. Meshuggah, wadda aka kafa a garin Umeå na ƙasar Suwidin a 1987, tana ɗora rif mai tsawo marar daidaito a kan ganga mai tafiya huɗu-huɗu, su yi ta saɓawa har su sake haɗuwa, kuma tun farkon shekarun 2000 ta koma jita mai tsirkiya 8. Daga gare ta Periphery da Tosin Abasi na Animals as Leaders suka ɗauki wannan nauyi. Petrucci bai naɗa waƙa da tsirkiya 8 a kundin Dream Theater ba sai a 2021, a "Awaken the Master", lokacin da na bayansa suka daɗe da mayar da ita kayan aikin yau da kullum. Ka kunna wannan waƙa, ka rage sauri, ka rubuta minti da daƙiƙar da tsirkiya ta takwas ta fara shigowa, sannan ka jera ta da waƙa ɗaya ta Meshuggah da ɗaya ta Periphery, ka duba ko hannun daman da ke bugun ta na Hetfield ne har yanzu, ko kuwa ya ari wani abu daga yaran da suka tashi suna kallon bidiyonsa.